Sarkin Kano Muhammadu Rumfa (1463–1499)

Mu mutanen Gyadi-Gyadi da Tarauni a wajen ganuwa muke zaune, amma duk ranar da muka ce za mu shiga gari, cikin aikin mutum guda muke kutsawa. Mutumin kuwa shi ne Muhammadu Rumfa ɗan Sarki Yakubu, na ashirin a jerin sarakunan gidan Bagauda, wanda ya riƙe Kano daga 1463 zuwa 1499. 'Ya'yanmu da aka haifa a Legas da Abuja sun san sunan ne kawai a jikin Kwalejin Rumfa, saboda haka ya kamata su ji ko wane ne shi.

Littafin Tarihin Kano ya lissafa masa sababbin abubuwa goma sha biyu. Shi ya faɗaɗa ganuwa ta wajen Ƙofar Mata, ya kafa Kasuwar Kurmi, ya gina fadar da har gobe ake kira Gidan Rumfa. Daga zamaninsa aka fara busa wa sarki kakaki, ana yi masa fifita da figini. Ya kuma kafa Tara ta Kano, wato majalisar manyan hakimai tara. A ganinmu wannan ita ce ta fi sauran nauyi, domin sarkin da ya yarda ya zauna da mashawarta ya san ƙasa ta fi ƙarfin mutum ɗaya.

Wajen 1492 Shehu Muhammadu al-Maghili, malamin Tilimsan ta ƙasar Aljeriya ta yau, ya sauka Kano. Rumfa ya karɓe shi hannu bibbiyu, shi kuma ya rubuta masa littafi kan wajiban sarki: adalci, sauraron talaka da tsare baitulmali. A lokacin ne aka sare itaciyar da ake tsafi a gindinta, aka tayar da masallaci a wurin. Zuriyar da malamin ya bari ita ce tushen unguwar Sharifai.

Ba komai ne ya zo masa da sauƙi ba. Shekara goma sha ɗaya ya yi yana yaƙi da Katsina, ba wanda ya rinjayi wani.

Birnin da ya bari sunansa ya ƙetare Sahara da teku. Hassan al-Wazzan, wanda Turawa ke kira Leo Africanus, ya bayyana ganuwar Kano da attajiranta a littafin da ya rubuta a Italiya, aka buga shi a birnin Benis a 1550. Da Rumfa ya rasu, ɗansa Abdullahi, ɗan Madaki Auwa, ya gaje shi.