Chari Maigumeri: Fursunan Yaƙin Da Ya Zama Uban Soja

Duk wanda ya bar Kaduna ta Kawo ya bi hanyar Zariya, ya wuce Katabu ya doshi Jaji, ba zai rasa haɗuwa da soja ba, domin yankin nan ya daɗe da zama gidansu. Amma a cikin samarin da ke sanye da kaki a yau, kaɗan ne za su iya ba da labarin marigayi Chari Maigumeri, mutumin da rundunar Nijeriya ta fara saninsa a matsayin abokin gaba, ta kama shi fursuna, daga bisani kuma ya yi mata aiki shekara 36.

Chari mutumin ƙasar Barno ne. Ya taso a zamanin da Turawa suka riga suka yayyanka ƙasar nan tsakaninsu: Ingilishi suka riƙe yawancin Barno da birnin Yola, Jamusawa kuwa suka riƙe Dikwa da Garwa da babban ɓangaren Adamawa, suka haɗa da Kamaru. Saboda haka ba abin mamaki ba ne saurayi Babarbare ya ɗauki bindigar Jamus, kamar yadda Chari ya yi a 1913, ɗan'uwansa kuma ya ɗauki ta Ingilishi. Babu wanda ya shawarce su sa'ad da aka ja iyaka.

Shekara guda da shigarsa soja Yaƙin Duniya na Farko ya ɓarke. A ƙarshen watan Agusta na 1914 rundunar Nijeriya ta taso daga Yola ta fāɗa wa Garwa, tana zaton cin garin ba zai yi wuya ba. Ashe Jamusawa sun haƙa ramuka sun gina ganuwa a kan tuddai. Aka kora maharan da mummunar hasara, har shugabansu, Laftanan Kanar Maclear, ya rasa ransa. Chari yana cikin sojan da suka tsare Garwa, kuma Jamusawa sun ba shi lambar yabo saboda jaruntakar da ya nuna a kan Ingilishi.

Ba a sake komawa da gaske ba sai a 1915. Wannan karon Kanar Cunliffe ya zo tare da sojan Faransa, aka kuma hauro Kogin Binuwai da babbar igwa irin ta jirgin ruwa. Aka yi ta luguden wuta kwana da kwanaki, har ran 10 ga watan Yuni shugaban Jamusawa, von Crailsheim, ya ba da kai. Chari ya shiga hannu, ya zama fursunan yaƙi.

A nan ne labarinsa ya sha bamban da na sauran fursunoni. Mutanen da ke tsaronsa ba baƙi ba ne gare shi. Hausawa ne da Barebari da Fulani da sauran kabilun Arewa, masu cin tuwo irin nasa, da yawansu kuma alƙiblarsu ɗaya da shi. Harshen bariki Hausa ne. Jiya sun harbi juna daga ramuka, yau ga su inuwa ɗaya, kowa ya san ƙarfin zuciyar ɗan'uwansa domin ya ɗanɗana ta a filin daga. A 1917 Chari ya shiga rundunar Nijeriya da ke ƙarƙashin sojan Afirka ta Yamma, aka kuma tura shi Afirka ta Gabas, inda ya yaƙi Jamusawan da suka koya masa riƙon bindiga. A can kuwa ba wasa ake yi ba, don Janar von Lettow-Vorbeck ya wahalar da Ingilishi har ƙarshen yaƙin, sojan Nijeriya kuma sun yi hasarar mutane da yawa a gwabzawar Mahiwa cikin watan Oktoba na shekarar.

Mai gaggawar yanke hukunci zai ce wannan sauya sheƙa ce. Amma abin dubawa shi ne, hafsoshin da suka san sarai daga inda ya fito, da sojan da aka kashe musu abokai a Garwa, su ne suka amince ya tsaya kusa da su da bindiga a ɗure. Irin wannan amana ba a ba da ita da takarda.

Bayan yaƙi ya ci gaba da hawa, daga kofur zuwa saje, har ya kai Samanjan bataliya ta uku, watau muƙamin da ya fi kowane girma da baƙin mutum ke iya samu a rundunar a wancan zamani. Shi ne tsani tsakanin hafsoshi Turawa da sojansu, shi ne mai horon kurata, shi ne kuma mai sasanta rigimar bariki kafin ta kai ofis.

Da Yaƙin Duniya na Biyu ya zo, ya riga ya haura shekara arba'in, amma ya sake fita. A farkon 1941 birged ɗin Nijeriya ta kutsa ƙasar Somaliya da ke hannun Italiya, ta shiga Mogadishu ran 25 ga watan Fabrairu, ta kuma bi Italiyawa da gudu har Harar a ƙasar Habasha cikin watan Maris. A wannan yaƙin ne aka ba Chari lambar jaruntaka ta Military Medal. Daga nan sai Bama, inda sojan Afirka ta Yamma suka yi fama da Japanawa da ruwan sama da zazzaɓi a cikin kurmi. An kuma ba shi British Empire Medal saboda daɗewarsa yana aiki na gari. Yawancin samarin da ya jagoranta a can ba a haife su ba sa'ad da aka kama shi a Garwa.

A 1953 ya je Landan cikin wakilan rundunarsa wajen bikin naɗin Sarauniya Elizabeth ta Biyu, wanda aka yi ran 2 ga watan Yuni. A shekarar ce kuma ya ajiye aiki, aka ba shi muƙamin Kyaftin na girmamawa. Ya bar kaki saura shekara bakwai Nijeriya ta sami mulkin kai.

Rundunar sojan Nijeriya ta sa wa barikinta na Lakwaja sunansa. A garin nan ne Lugga ya kafa tutar Ingila ran 1 ga watan Janairu na 1900, sojan da suka yi masa fareti a ranar kuwa na rundunar da ta kama Chari ne bayan shekara goma sha biyar.