Thomas Willis: Likitan da ya gano hanyar da jini ke bi ya ceci ƙwaƙwalwa

An haifi Thomas Willis ranar 27 ga Janairun 1621 a ƙauyen Great Bedwyn da ke Ingila. Ya yi karatu a Jami'ar Oxford lokacin da yaƙin basasa ya raba ƙasar biyu, kuma ya goyi bayan Sarki Charles na Ɗaya. Da aka kayar da ɓangaren sarki, sai ya koma duba marasa lafiya a kasuwannin karkara domin samun abin rufin asiri.

Sunansa ya fara fita a 1650, sa'ad da aka kai musu gawar wata baiwar Allah, Anne Greene, wadda aka rataye, domin su feɗe ta. Shi da William Petty suka lura tana numfashi, suka yi ta fama har ta farfaɗo. Bayan dawowar sarauta a 1660, aka naɗa shi farfesa a Oxford.

Babban aikinsa shi ne littafin Cerebri Anatome na 1664, wanda Christopher Wren ya zana hotunansa. A ciki ya bayyana zoben jijiyoyin jini da ke gindin ƙwaƙwalwa, wanda har yau ake kira da sunansa. Wasu sun riga shi ganin zoben, amma shi ne ya fayyace amfaninsa. Shi da Richard Lower sun zuba rini a jijiyar wuya guda, suka ga ya bazu ta ɗaya ɓangaren. Sun kuma ɗaure jijiyoyin wuyan wani kare, karen ya rayu. Haka nan ya feɗe gawar wani mutum da jijiyar wuyansa ta dama ta toshe, amma bai taɓa samun shanyewar ɓarin jiki ba, domin jini ya bi ta wata hanyar.

Wannan fahimta ce ginshiƙin binciken yau. Idan jijiya ta toshe, ƙwayoyin tsakiyar wurin kan mutu cikin mintuna, na gefe kuma su jure na sa'o'i saboda ɗan jinin da ke zagayowa. Su ake neman maganin da zai kare. Wani nazari na 2006 ya ƙirga hanyoyin magani 1,026 da aka gwada, akasari a jikin dabbobi, sai dai da yawa daga waɗanda suka yi aiki a jikin ɓeraye, irin su NXY-059, sun gaza a jikin mutane. Abin da ya tabbata shi ne buɗe jijiyar da wuri, don haka jinkirin kai mara lafiya asibiti kan jawo asarar da ba ta dawowa.

Willis ya rasu a Landan ranar 11 ga Nuwamban 1675, aka binne shi a majami'ar Westminster.