Tarihin Sardauna Ahmadu Bello da Hakkin Sababbin Musulmi

Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai. Bayan haka, ya ku malamai da fatake, ga taƙaitaccen labarin Sir Ahmadu Bello, Allah ya jiƙansa.

An haife shi a Rabah ta ƙasar Sakkwato a 1910. Shi tattaɓa-kunnen Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ne, ɗan Shehu Usmanu. Ya fara da karatun allo, sa'an nan ya yi makarantar Sakkwato, ya shiga Kwalejin Katsina ya fita a 1931. An naɗa shi Sardauna a 1938, ya zama Firimiyan Jihar Arewa a 1954, ya sauke farali a 1955.

A 1962 aka kafa Jama'atu Nasril Islam a Kaduna bisa jagorancinsa, tare da taimakon Malam Abubakar Gumi. Daga 1963 zuwa 1965 ya yi ta rangadi cikin lardunan Arewa yana kiran waɗanda ba su yi salla ba, har da Maguzawa, jama'a masu yawa suka karɓi kalmar shahada a hannunsa. Ya kuwa gane shahada mafari ce kurum, sai ya himmatu ga gina masallatai da aika malamai. Gama a masallaci sabon Musulmi ke ganin yadda ake alwala da daidaita sahu, a nan yake koyon Fatiha da baki kafin ya iya riƙe allo, a nan kuma yake tambayar liman hukuncin azumi da aure da jana'iza.

Sojoji suka kashe shi a Kaduna ranar 15 ga Janairu 1966, cikin watan Azumi. Bayansa aikin ya yi rauni, waɗansu da ba su sami mai karantar da su ba suka koma gidan jiya.

To, jama'ar Gozaki da Kafur da Malumfashi da Funtuwa, Maguzawa maƙwabtanmu ne, gona ɗaya kasuwa ɗaya. In ɗayansu ya musulunta, kada a bar shi da sabon suna kaɗai. Liman ya zauna da shi tsakanin magariba da lisha, attajiri ya ɗauki nauyin malami daga ribar auduga da hatsi, a kuma ba shi 'ya in ya nema.

Allah ya gafarta wa Sardauna, ya ba mu ikon cika abin da ya bari. Wassalamu.