Marigayi Satchel Paige, Gwanin Jifar Ƙwallo Na Amurka

A ƙasar Amurka akwai wani wasa da ake kira besbol, wanda mutanen can suke ƙauna kamar yadda ake ƙaunar ƙwallon ƙafa a Nijeriya. A wasan, mutum guda ne yake tsayawa a tsakiyar fili ya jefa ƙwallo daga nisan ƙafa 60 da inci 6, abokin karawarsa kuma ya yi ƙoƙarin dukanta da kulki. In ya kuskure sau uku, ya fita ke nan. Saboda haka yawancin nasarar ƙungiya a hannun mai jifa take, kuma a cikin masu jifa kaɗan ne suka kai Leroy Paige, wanda aka fi sani da Satchel.

An haife shi a garin Mobil na Jihar Alabama ran 7 ga Yuli, 1906, a gidan talakawa baƙar fata. Tun yana yaro yake dakon jakunkunan matafiya a tashar jirgin ƙasa, daga nan ne aka ce ya sami laƙabinsa, wanda ma'anarsa jaka. A cikin 1918 aka kai shi gidan horon kangararrun yara na Mount Meigs saboda ɗauke-ɗauke a kanti. Ya yi fiye da shekara biyar a can, a can kuwa ya koyi jifa.

A zamanin nan manyan ƙungiyoyin besbol ba su ɗaukar baƙin mutum, kome gwanintarsa. Baƙaƙe sai suka kafa nasu ƙungiyoyin, waɗanda ke yawo gari-gari suna wasa, kamar yadda 'yan dambe kan yi bayan kaka. Paige ya shiga sana'ar a 1926 a garin Chattanooga, daga baya ya yi wa ƙungiyoyin Birmingham da Pittsburgh da Kansas City wasa. Dogo ne siriri, jifarsa ga ƙarfi ga saiti. Wani lokaci yakan umarci 'yan ƙungiyarsa masu tsaron bayan fili su dawo su zauna, sa'an nan ya fitar da masu duka shi kaɗai. Ya sha karawa da gwanayen Turawa a wasannin sa da zumunci yana rinjayarsu, amma duk da haka ba a buɗe masa ƙofa ba.

A 1938, yana wasa a Meksiko, hannunsa ya sami ciwo har aka zaci ya gama. Bayan kamar shekara guda ya warke, kuma a 1942 ya taimaki ƙungiyar Kansas City Monarchs ta ci gasar ƙungiyoyin baƙar fata.

Shingen wariya ya faɗi a 1947, sa'ad da Brooklyn Dodgers ta sa Jackie Robinson a fili. Paige kuwa sai ran 7 ga Yuli, 1948, ranar da ya cika shekara 42, ƙungiyar Cleveland ta ɗauke shi. Waɗansu manema labarai suka ce dabarar jawo 'yan kallo ce kurum, gama tsufa ya cim masa. Ya ba su amsa a fili: ya ci wasa 6, aka cinye shi 1 tak, Cleveland kuma ta ɗauki kofin wannan shekara. Shi ne baƙin mutum na farko da ya yi jifa a gasar ƙarshe ta manyan ƙungiyoyi.

Ran 25 ga Satumba, 1965, yana da shekara 59, ƙungiyar Kansas City Athletics ta sake fito da shi. Ya yi jifa zagaye uku, 'yan Boston ba su ci ko ɗaya ba. A 1971 aka sa sunansa a zauren tunawa da gwanayen wasan da ke Cooperstown. Da farko an so a keɓe masa wuri dabam, amma jama'a suka yi ca, aka janye shawarar.

Paige ya rasu a Kansas City ran 8 ga Yuni, 1982, yana da shekara 75. Sai a 2020, shekara 38 bayan rasuwarsa, hukumar wasan ta amince cewa gasannin baƙar fata na 1920 zuwa 1948, inda ya ƙarar da ƙuruciyarsa, darajarsu ɗaya da ta manyan gasannin Turawa.