Jean Prat, gwarzon zari-ruga da bai bar garinsu ba

Ɗalibaina a Kilomita Biyar ƙwallon ƙafa da na kwando suka sani, amma nakan ba su tarihin Jean Prat, ɗan wasan zari-ruga na Faransa.

An haife shi a 1923 a Lourdes, wani ƙaramin gari a kudancin ƙasar. Tun daga farko har ya yi ritaya, kulob ɗin garinsu kaɗai ya buga wa, suka ci kofin Faransa sau 6 tsakanin 1948 da 1958. Ya buga wa ƙasarsa wasa 51. A 1954 yana kyaftin, Faransa ta doke New Zealand 3 da 0, kuma shi ya ci makin. A zamaninsa zari-ruga ba sana'ar albashi ba ce. Sai a 1995 aka halatta biyan ’yan wasa. Ya rasu a 2005.

Yaranmu da yawa gani suke sai sun bar unguwa za su zama wani abu. To, ga mutumin da ya zauna gida, har sunan ƙaramin garinsu ya gagari manyan kulob-kulob na Faransa.