Morell Mackenzie: Likitan Maƙogwaron Da Rashin Lafiyar Sarkin Jamus Ta Zubar Wa Da Suna

A watan Mayun 1887 aka aika wa wani likita a Landan saƙon gaggawa daga fadar Berlin. Yarima Frederick, mai jiran gadon sarautar Jamus kuma surukin Sarauniya Biktoriya ta Ingila, ya shafe watanni muryarsa a dishe. Likitocinsa sun ga wani tsiro a maƙogwaronsa, sun yanke shawarar cewa ciwon daji ne, har sun sa ranar tiyata. Kafin a kwantar da shi sai aka ce a ji ta bakin ƙwararre daga waje. Wanda aka kira shi ne Morell Mackenzie, wanda a lokacin babu na biyunsa a wannan fanni a Birtaniya.

An haifi Mackenzie a ranar 7 ga Yulin 1837 a Leytonstone, kusa da Landan. Mahaifinsa likita ne, amma ya rasu a hatsarin keken doki a 1851, abin da ya tilasta wa yaron kama aikin akawu a wani kamfanin inshora. Daga baya ya samu shiga karatun likitanci a Asibitin Landan, ya kammala a 1858, sannan ya tafi ƙaro ilimi a Faris da Biyana da Budapest.

A Budapest ne rayuwarsa ta sami alƙibla. Can ya haɗu da Johann Czermak, wanda ya koya masa amfani da wani ɗan ƙaramin madubi mai dogon mariƙi da ake zurawa can ƙuryar baki, a haska shi da fitila, likita ya ga cikin maƙogwaron mutum yana raye. Kafin wannan madubi, sai dai likita ya saurari murya ya yi kirdado. Abin mamaki, ba likita ne ya fara nuna amfaninsa ba, wani malamin koyar da waƙa ne, Manuel García, wanda ya leƙa nasa maƙogwaron a 1854.

Da Mackenzie ya koma gida, ya duƙufa kan wannan fanni da manyan likitocin lokacin suke raina wa. A 1863 ya ci lambar yabo ta Jacksonian kan rubutunsa game da cututtukan maƙogwaro, kuma a shekarar ya buɗe wani ƙaramin wurin shan magani kyauta, wanda a 1865 ya koma unguwar Golden Square ya zama asibitin cututtukan maƙogwaro. An san shi da gwanintar hannu: yana cire tsiro ta baki da ɗan hantsaki ba tare da ya yanka wuya ba. Littafinsa mai juzu'i biyu kan cututtukan maƙogwaro da hanci, wanda ya fito a 1880 da 1884, ya daɗe yana jagorantar ɗalibai. Mawaƙa da 'yan wasan kwaikwayo sun yi ta tururuwa zuwa gare shi, kuɗi da suna suka zo, hassada ma ta biyo baya, kuma shi kansa ba mai taushin harshe ba ne ga abokan aikinsa.

Da ya isa Berlin ya duba Yarima, sai ya ƙi amincewa a yi tiyata kafin a tabbatar da cutar. Hujjarsa ba ta banza ba ce. A wancan zamani yankan maƙogwaro na halaka marasa lafiya da yawa, wanda ya tsira ma yana iya rasa muryarsa, ga shi kuma wanda za a yanka shi ne zai gaji sarauta. Ya ciro ɗan yanki daga tsiron aka kai wa Rudolf Virchow, babban masanin binciken cututtuka na Jamus. Virchow ya duba, bai ga alamar ciwon daji ba. Aka sake ciro wasu, sakamakon bai sauya ba. Aka fasa tiyata, Sarauniya Biktoriya kuma ta ba Mackenzie lambar girmamawa ta Sir a watan Satumba.

Farin cikin bai daɗe ba. A watan Nuwamba, Yarima yana hutawa a San Remo ta Italiya, tsiron ya sake bayyana, Mackenzie da kansa ya amince cewa ciwon daji ne. A Fabrairun 1888 numfashi ya yi wuya har aka huda wuyan Yarima aka sa masa bututu. Mahaifinsa, Wilhelm na Ɗaya, ya rasu a ranar 9 ga Maris, Frederick ya hau gadon mulki ba ya iya magana, sai dai ya rubuta abin da yake so a takarda. Kwana 99 ya yi a kan karaga, ya rasu a ranar 15 ga Yuni, ɗansa Wilhelm na Biyu ya gaje shi.

Daga nan rikici ya ɓarke. Likitocin Jamus, ciki har da Ernst von Bergmann da Karl Gerhardt, suka wallafa rahoto suna ɗora wa Mackenzie laifin ɓata lokacin da tiyata za ta iya yin amfani. Jaridun ƙasar suka yi masa ca, siyasa ta shiga ciki, domin masu ƙin jinin matar Frederick, 'yar Ingila, sun sami abin fakewa. Neman hujja kafin yanka ba kuskure ba ne, hasali ma shi ne ƙa'idar da likitoci ke bi har yau. Inda ya yi tuntuɓe shi ne yadda ya dogara kacokan ga 'yan ƙananan yankuna da mai yiwuwa ba su kai ga ainihin cutar ba, alhali idon abokan aikinsa ya ga abin da ya ga.

Maimakon ya yi shiru, sai ya mayar da martani da littafi a ƙarshen 1888, inda ya zargi likitocin Jamus da ganganci, ya kuma bayyana sirrin jinyar mara lafiyarsa dalla-dalla. Hukumomin Jamus suka ƙwace littafin. A gida ma bai sha ba: Kwalejin Likitocin Tiyata ta Ingila ta yi tir da shi, shi kuma ya fice daga Kwalejin Likitoci ta Landan.

Ya ci gaba da duba marasa lafiya, amma martabarsa ba ta dawo yadda take ba. Ciwon asma da ya daɗe yana fama da shi ya raunana shi, mura mai tsanani ta kwantar da shi, ya rasu a Landan a ranar 3 ga Fabrairun 1892 yana da shekara 54. An binne shi a ƙauyen Wargrave da ke bakin kogin Thames.