Karl Ernst von Baer: Masanin da ya gano ƙwan dabbobi masu shayarwa

A tarihin binciken yadda halitta ke ginuwa tun daga cikin mahaifa har ta zama cikakkiya, da wuya a tsallake sunan Karl Ernst von Baer, Bajamushen yankin tekun Baltik wanda a shekara ta 1827 ya bayyana wa duniya cewa dabbobi masu shayarwa ma daga ƙwai suke farawa, kamar dai tsuntsaye da kifaye.

An haifi von Baer ne a ranar 28 ga watan Fabrairun shekara ta 1792 a gandun Piep da ke ƙasar Estoniya ta yanzu, wadda a wancan lokaci take ƙarƙashin daular Rasha. Ya yi karatun likita a jami'ar Dorpat, garin da a yau ake kira Tartu, ya kuma kammala a 1814. Sai dai aikin duba marasa lafiya bai kwanta masa a rai ba. Da ya isa birnin Würzburg na Jamus domin ƙaro ilimi, sai ya haɗu da malami Ignaz Döllinger, wanda ya koya masa feɗe dabbobi da kwatanta gaɓoɓinsu. A nan ne kuma abokinsa Christian Pander ya duƙufa wajen nazarin yadda ɗan tsako ke ginuwa a cikin ƙwai, aikin da von Baer ya ɗora a kansa bayan ya sami gurbin koyarwa a jami'ar Königsberg a 1817.

A wancan zamani masana na cikin duhu dangane da mafarin ɗan tayi. Wasu na ganin cewa jinjiri na nan tun farko da dukkan gaɓoɓinsa, ɗan ƙanƙani, girma kawai yake yi. Wasu kuwa na ganin cewa daga gaurayar ruwa yake samuwa. Tun a 1672 likitan nan ɗan ƙasar Holan, Regnier de Graaf, ya bayyana wasu 'yan ƙuraje masu ruwa a gidan ƙwan mace, aka kuma daɗe ana zaton su ne ƙwayayen. Matsalar ita ce, abin da ake tararwa a bututun da ke kaiwa ga mahaifa ya fi waɗannan ƙuraje ƙanƙanta nesa ba kusa ba, kuma babu wanda ya iya warware wannan ƙulli har tsawon shekaru sama da 150.

Von Baer ya bi sawun lamarin ne da baya-baya, daga mahaifa zuwa bututu, daga bututu zuwa gidan ƙwai. Da ya buɗe ɗaya daga cikin ƙurajen a jikin wata karya ta abokin aikinsa Karl Burdach, sai ya ga wani ɗan ɗigo mai ruwan ɗorawa. Da ya sanya shi a madubin ƙara girman ƙananan halittu, ya tabbatar cewa shi ne ƙwan da ake nema, kuma ƙurjin de Graaf mazauninsa ne kawai. Ya sake samun irinsa a jikin wasu dabbobin, sannan ya wallafa sakamakon da harshen Latin. Domin a fahimci wahalar aikin, ƙwan ɗiya mace bai wuce kimanin kashi ɗaya cikin goma na milimita ba.

A 1828 ya fitar da juzu'in farko na littafinsa kan tarihin ginuwar dabbobi, na biyu kuma ya biyo baya a 1837. A ciki ya nuna cewa ɗan tayi ba ya farawa da gaɓoɓi. Da fari wasu siraran shimfiɗu ne ke bayyana, su nannaɗe, su rarrabu, sannan gaɓoɓi su fito daga cikinsu. Shi ya ƙidaya huɗu, amma masana na baya sun tsayar da su uku: ta waje ita ke samar da fata da ƙwaƙwalwa, ta tsakiya tsoka da ƙashi da jini, ta ciki kuma rufin hanji da hanta da huhu.

Kazalika ya lura cewa siffofin da dabbobi suka yi tarayya a kansu su ke fara bayyana, kafin waɗanda suka keɓanta ga kowane jinsi. Shi da kansa ya ba da labarin wasu 'yan tayi biyu da ya adana ba tare da rubuta sunayensu ba, daga bisani ya kasa tantance ko na ƙadangare ne, ko na tsuntsu, ko na dabba mai shayarwa. Charles Darwin ya kafa hujja da irin wannan kamanni, amma von Baer bai amince da bayanin Darwin na zaɓin yanayi ba har ƙarshen rayuwarsa, domin yana ganin akwai manufa a tafiyar halitta.

Duk da kaifin idonsa, bai gane aikin ƙwayoyin maniyyi ba, ya ɗauke su tamkar wasu tsutsotsi da ke rayuwa a cikin ruwan namiji. Sai a 1876 Oscar Hertwig ya nuna cewa haɗuwar ƙwayar namiji da ƙwan mace ce mafarin sabuwar halitta, wato uwa da uba kowa da nasa kason.

A 1834 von Baer ya koma birnin St. Petersburg, inda ya zama ɗan majalisar masana kimiyya ta Rasha, ya kuma karkata ga nazarin ƙasa. Ya jagoranci ayarin bincike zuwa tsibiran Novaya Zemlya masu tsananin sanyi a 1837, daga baya kuma ya yi shekaru yana nazarin kamun kifi a tekun Kaspiyan. Ya koma Dorpat a 1867, kuma a can ya rasu a ranar 28 ga watan Nuwamban 1876 yana da shekaru 84.

Estoniya ta karrama shi da sanya hotonsa a takardar kuɗinta ta kroon biyu, kafin ta rungumi kuɗin euro a 2011. Babban gadonsa dai na fannin likitanci ne, domin dashen ƙwai a mahaifa, wanda ta hanyarsa aka haifi jaririya ta farko a Ingila a 1978, kuma ma'aurata masu fama da rashin haihuwa ke amfana da shi a sassa daban-daban na duniya, ya ginu ne a kan sanin wannan ɗan ɗigo da ya fara gani a Königsberg.